Yero da Mai-Goshi

Malam Yero bai taɓa mafarkin kiwon zomaye ba. A rugarsu ta gefen Paikon Kore ya tashi a bayan shanu, sai gari ya yi ta cin makiyaya, shanun suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Haka ya sami aiki a ɗakin dabbobin cibiyar binciken da nake aiki. Mukan tsokane shi mu ce Ardon zomaye, ya ce wallahi ba mu da kunya.

Ogarmu, Dokta Bilqis, bincikenta a kan DNA ne, wato zaren gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki. Idan zaren ya tsinke, akwai wani furotin da ke rugawa ya gyara, in ya gaza kuwa ciwon daji na iya samun ƙofa. Ba a ganin furotin ɗin sai da antibodi, sinadarin da ke manne masa ya nuna inda yake. A jikin zomo ake samunsa. A yi masa allurar ɗan gutsuren furotin, jininsa ya haɗa antibodin, mu riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan ta jijiyar kunne.

Cikin zomayen duka, wata farar zomanya ce jininta ya yi kyau. Ranar da muka fara ganin ɗigo-ɗigon haske a madubin awo, alamar antibodinta ya manne wa furotin ɗin, Dokta har tafi ta yi. Yero ya sa mata suna Mai-Goshi. Yana yi mata magana da Fulatanci yadda yake yi wa shanunsa, ita kuma 'yar banzar, in wani ne ya buɗe keji sai ta maƙale a lungu.

To amma aikin yana da ƙa'ida. A ƙarshe ana sa wa zomo maganin barci, a ɗebe jinin gaba ɗaya, ba ya tashi. Yero ya san haka tun farko, sanin bai hana shi zuwa ofishin Dokta ba.

"Oga, ki ba ni ita in kai gida mana."

"Malam Yero, dabbar da aka yi wa allurar nan ba ta fita daga ginin nan. Da da hali, wallahi da na ba ka."

Dokta ta ɗaga ranar ɗibar jinin ƙarshe, ta sake ɗagawa, har damina ta wuce. Amma zomanyar ta fara tsufa, antibodin yana raguwa a jininta. In aka ƙara jira, a rasa ta, a rasa aikin.

Ranar da aka tsayar, da safe Dokta ta ce ya je ya huta, ni zan riƙe ta. Ya ce a'a.

"Hannunka ba ta san shi ba, Saleh. Tsoro za ta ji."

Ya ɗauko ta ya kwantar a cinyarsa, yana shafa bayan kunnenta yana yi mata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Allura ta shiga, ko motsi ba ta yi ba.

Da aka gama, Dokta ta yi masa godiya, ta ce ba ta taɓa ganin wadda ta tafi cikin natsuwa haka ba. Yero ya goge ido da gefen rawaninsa.

"Abin da ke ci mini rai ke nan, Oga. Don ni ne shi ya sa ba ta gudu ba."