Ƙashin Kazar Mushe

Shekara biyu ko uku da samun 'yancin kai aka sa ni lakkwal, makarantar boko, a Gaya. Innata ƙananan kifi take saye wurin masunta, ta shanya, ta daka su har da ƙaya ta zuba a miya. Da su muka tashi.

Wata rana mushe, kamar yadda muke kiran malaminmu, ya zo da ƙashin cinyar kaza da ya kwana bakwai cikin binegar. Ya lanƙwasa shi kamar igiya. Ya ce ruwan tsamin ya cinye wani gishiri mai suna fosfat na kalsiyom, wanda shi ke taurara ƙashi da haƙori. Na ji daɗin darasin, har na ɗaga hannu.

"Mushe, yana cikin ƙayar kifi?"

Ya zo ya kwance ƙullin guzurina, ya ɗaga busasshen kifin da ke ciki da yatsa biyu.

"Wannan abincin kyanwa ne. Mutanen da suka waye madarar gwangwani suke sha."

Aji ya ɗauki dariya. Mushe ya sa na zubar da kifin a bayan taga.

Da na faɗa wa Inna, ba ta yi faɗa ba. Sai ta ce, "To, shi ya yi karatu." Daga ranar ta daina dakawa. Tana da ciki a lokacin. Madara kuwa sai an ƙetare gulbi zuwa Malanbil, gwangwani guda muke sirkawa da ruwa har kwana huɗu, ita ko ɗanɗanawa ba ta yi. Kafin ta yaye ƙanwata, turamen haƙoranta biyu sun fita, bayanta bai ƙara barinta ta yi daka ba.

Sai da na je koyon aikin ungozoma a Yamai na karanta cewa kifin da ake ci da ƙayarsa cike yake da wannan gishirin. Ban ce rashin kifin kaɗai ya jawo wa Inna ciwo ba. Amma mutum ya san sunan abu da Faransanci, ya gan shi a hannun yarinya, ya sa ta zubar. Wannan ne har yau yake ci mini rai.

Da na koma gida na gaya mata. Ta ce, "Ai na sani, 'yar nan. Kunyar a yi miki dariya na ji."

Shekara talatin na yi ina karɓar haihuwa tsakanin Gaya da Tanda, kuma ban taɓa raina tukunyar wata mace ba.