Matar da Muka Tsare a Shingen Jibiya

Na daɗe ina aikin jin daɗin jama'a a ɓangaren kula da yara, kuma yawancin abin da na gani ya fara shige mini da tsufa. Amma akwai wani yini guda a bakin iyakar Jibiya wanda har in koma ga Mahaliccina ba zai fita raina ba. Duk sa'ad da na tuna shi sai na nemi gafarar Allah.

Damina ce, gero ya fara fitar da kai. A lokacin an matsa tsaro a kan iyaka saboda masu kwashe 'ya'yan mutane suna ƙetarawa da su can arewa, a sa su aikatau a gidajen da ba wanda ya san su. Ƙa'idar ita ce, duk yaron da jami'ai suka yi shakkar wanda ke tafe da shi, sai a kira ni. In na sa hannu a takarda, yaro ya tafi gidan kula da yara a Katsina, babba kuma a miƙa shi ga 'yan sanda. Daga nan sai kotu, kuma kotu ba ta sauri.

Ranar kasuwa ce, wajen hantsi, aka aiko mini. Na iske motocin hatsi sun yi layi, 'yan acaɓa na kutsawa tsakaninsu, 'yan dako na ta ihu. A cikin ɗan ofishin da ke gefen shingen, wata mata tana zaune a kan benci ta rufe rabin fuskarta da mayafi. Ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba. A can ɗaya ƙarshen bencin akwai yarinya 'yar kamar shekara bakwai, ta rungume ƙunshin kaya. Tsakaninsu mutum biyu za su iya zama.

Shugaban jami'an mutumin kudu ne, mai gaskiya, Hausarsa ta bariki. Ya ce, "Malam, ka zo. Wannan mata za ta Maraɗi da yarinya. Babu takarda. Na tambaye shi, yarinya naka ne? Ya yi shiru. Kai ne ka san mutanenka."

Na zauna a gabansa da wasu jami'ai maza biyu, na ciro ɗan littafina. Ni da ajami nake fara rubuta bayani, don hannuna ya fi sauri a cikinsa, daga baya in mayar a takardar gwamnati. Na yi mata sallama, ta amsa a hankali. Ta ce ita 'yar ƙauyen Kusa ce, nan ƙasar Jibiya, aure ya kai ta wani ƙauye kusa da Maraɗi, ta zo gida ne ta'aziyya.

"Yarinyar nan 'yarki ce?"

Ta sunkuyar da kai.

"Baiwar Allah, da ke nake. 'Yarki ce?"

"Ɗiyar gidanmu ce," in ji ta.

"Yaya sunanta?"

Shiru. Na sake tambaya, har sau uku. Ko kallon inda yarinyar take ba ta yi ba. Sai na juya wajen yarinyar, na sassauta murya. Ta faɗa mini sunanta ba gardama. Na ce, "Wannan ce mamarki?" Ta girgiza kai da ƙarfi. "A'a, Yaya ce. Innata ta rasu. An ce in bi Yaya."

Marainiya, babu takarda, babu namiji ɗan rakiya, ga mace da ta kasa faɗin sunan yarinyar da take ɗauke da ita. Duk alamomin da aka koya mana a wajen horo sun cika. Kuma ba da daɗewa ba kafin wannan, na taɓa yarda da daɗin bakin wata mata na bar ta ta wuce da yara biyu, har yau ban san inda suke ba. Wannan ciwon yana raina, shi ya sa na rufe ido.

Na ɗaga mata murya, abin da ba halina ba ne. Na ce, "Kin san inda shirun nan zai kai ki? Gidan yari! Nawa aka ba ki?" Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, idonta ya kaɗa ya yi ja, ta mayar da kai ƙasa. Na cika takardar tun daga sama har ƙasa. Sa hannu kawai ya rage. Shugaban ya ce motarsu za ta tashi zuwa Katsina bayan la'asar, don ba a son dare ya yi wa mutum a hanya.

Wata jami'a ta zo ta kama hannun yarinyar za ta kai ta ɗaya ɗakin. Yarinyar ta fara kuka tana waiwaye, tana cewa, "Yaya! Yaya!" Matar ba ta motsa ba. A raina na ce, dubi taurin zuciya. Sai da suka kai bakin ƙofa na ji muryarta, fuskarta na kallon bango.

"Malam, in kun tahi da waccan, kada a ba ta madarar gwangwani. Tana kumbura mata jiki. Kuma kunnenta na hagu yana ruwa in ta yi sanyi."

Alƙalamin yana hannuna, na kasa sauke shi a kan takardar. Waccan. Ni ma ɗan fari ne. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, har ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" take cewa, ko "babban nan". In na shigo ɗaki ta kan juya baya, amma ita ta san daren da ban ci abinci ba. Na girma a cikin wannan kunyar, na san ta kamar tafin hannuna, amma da na zauna a kujerar gwamnati sai na mance da ita ɗungum.

Duk da haka zato ba hujja ba ne. Na fita na kira wata tsohuwa mai sayar da fura a bakin shingen, wadda kowa ke ce wa Gwaggo, har jandarmomi masu tsaron tsallaken iyaka. Na gaya mata abin da ake ciki. Ta aje ludayinta ta kalle ni sama da ƙasa.

"Kai Malam, a gaban maza huɗu ka tambayi mace ko ɗiyar farinta ce? Duk allon da ka wanke, bokon nan ya shanye shi?"

Ta kori maza duka waje, ni kaɗai ta bari a bakin taga. Ta zauna jikin matar, ta yi mata ta'aziyya, ta tambayi mutanen Kusa ɗaya bayan ɗaya kamar ba abin da ke gabanmu. Ni kuwa ina ta duban agogo. Can sai ta ce, "Ɗiyata, ba na ce ki faɗi kome ba. Wankan jegonki na fari, a kan wa kika yi shi?"

Matar ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Sannan ta ɗaga haɓa ta nuna ƙofar da aka fita da yarinyar. Kafaɗunta suka fara rawa.

A hankali Gwaggo ta zaro sauran labarin. Uban yarinyar ya rasu tana goye. Da aka yaye ta uwar ta sake aure, sai kakarta ta wajen uwa ta ɗauke ta, yarinyar ta tashi tana kiran kaka Inna, uwar kuma Yaya. Kakar ce ta rasu kwana bakwai da suka wuce.

Na je na yi wa shugaban bayani. Ya ce, "Malam, uwa ba ya faɗin sunan ɗansa? Ni ba zan rubuta wannan ba. Kawo shaida kafin mota ya tashi. In babu, ka sa hannu." Gaskiyarsa ce, ban ga laifinsa ba.

Na sami wani ɗan acaɓa dattijo wanda ya san Kusa, na rubuta wa mai unguwarsu wasiƙa, ya tafi. Bai daɗe da tafiya ba hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Na san akwai rafi a hanyar, in ya kawo sai a jira. Na yi azahar, na zauna. Aka kira la'asar, babu labari. A sujadata ta ƙarshe ban roƙi kome ba sai kada Allah ya sa hannuna ya raba su. Da na sallame na iske direba ya tayar da mota, an sa yarinyar a baya, shugaban yana miƙo mini takardar. Na ce ya ba ni in sake karantawa. Na karanta ta sau biyu, layi layi, kamar mai koyon baƙi.

Ina cikin karatu na uku babur ya tsaya. Mutum uku ne a kai, jiƙe sharkaf, laka har gwiwa: ɗan acaɓan, mai unguwa, da yayan matar. Tun kafin ya sauka yayan ya fara faɗa. "Wa ya tsare ta? Ita fa ta haife ta! A ɗakin Innarmu ta haife ta, ni na yanka ragon suna!" Mai unguwa ya tabbatar, ya ce dangin uban ma sun yarda a wajen sadakar bakwai yarinyar ta bi uwarta. Aka rubuta, suka dangwala hannu, na yi masu takardar da ya kamata su riƙe tun farko.

Abin da ba wanda ya lura da shi, yarinyar tana cikin mota ta ji kome. Ta sauko da ƙunshinta, ta je ta tsaya gaban matar.

"Yaya, da gaske yake?"

Matar ta dubi bango, ta dubi ƙasa. Ta ce, "Gyara ɗankwalinki, sanyi zai shiga kunnen."

Na tsaya ina kallonsu har suka ƙetare shingen. Uwar na gaba, ba ta waiwayo ba ko sau ɗaya. Amma duk inda yarinyar ta tsaya tsallake taɓo, sai in ga ita ma ta tsaya tana gyara mayafi.

Ban daina tsare masu wucewa da yara ba, don ɓarayin yara gaskiya ne, na kuwa kama wasu bayan haka. Abin da na koya shi ne, takardar da ke hannuna tana da tambayoyi, amma ba ta san mutanen da nake yi wa su ba. Ni ne ya kamata in san su. Tun daga ranar, ban ƙara ɗaukar shirun mace a matsayin amsa laifi ba, sai na nemo wanda ya iya tambayarta ta hanyar da za ta iya amsawa. Allah ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani.