Wanda Aka Sa Ya Hau Gawo

Ni ba mai fita ba ce. In ka ga ƙafata a waje, to rijiya ce ko gaisuwar mutuwa. Labarin gari a tsakar gida yake iske ni, don kowa ya san gidanmu ba a rasa fura da abokiyar hira. Ko ranar da matan ƙauyenmu suka taka har meri, ofishin magajin gari, a Kanan-Bakashe, kowace da busasshen reshe a ka, ina gida ina fama da jikoki. Sai da suka dawo, muryoyi duk sun dishe, na ji yadda aka yi.

Gawo ne ya fitar da su. Da aka kawo ni garin nan gonaki fili ne fetal, iska ta taso ta binne shuka da yashi. Daga baya maza suka koyi barin toho in ana sassabe, a yi ta lallaɓa shi kamar jinjiri, har gawo ya miƙe ko'ina. Hatsin da ke gindinsa ko makaho ya shafa zangarniyar ya san daban take. Sai ga shekarar da damina ta yanke da wuri. Aka fara wayar gari a iske kututture, babbar mota kamiyo kuma na zuwa daga birni ana loda mata itace. Masu saran ba baƙi ba ne. Ɗiyanmu ne da surukanmu, har da mijin ɗiyata ta biyu. Kowa ya sani, ba mai faɗa. A meri ma matan sun yi kuka sun yi faɗa, amma ba wadda ta kama sunan kowa.

Ɗiyar ƙanena, mai karatu a Maradi, tana hutu a wurinmu lokacin. Ta bi matan da portabul ɗinta tana ɗauka, ta ce ɗan gajeren fim za ta haɗa don duniya ta gani. Washegari ta girka mani wayar a kan turmi.

"Gwaggo, ke ba ki je ba, amma bakinki nike so. Ki yi ta zuba yadda kika saba."

Na kuwa zuba. Na faɗi yadda muka yi renon itacen nan, na ce wanda ya kwantar da gawo bai bar wa jikokinsa komai ba sai rana da yashi.

Abu guda ya rage mata, hoton mutum yana sara. Ta je wurin dattawa, suka ce ba za a nuna ɗan gari yana ɓarna ba, in an yi haka an raba gidaje. Wani a cikinsu ya ce ai ga Bafillacen da ke gonarmu, kullum yana bisa gawo, a ɗauke shi mana.

Bari in faɗi ko su wa ne. Tun surukina yana raye, in an gama girbi suke sauka a gonarmu da shanunsu. Shanu su ci kara su bar mana taki, in rani ya yi nisa kuma ciyawa ta ƙare, Bafillacen ya hau gawo ya sauke masu ganye. Ƙananan rassa yake datsewa daga sama, kafin wata shekara itacen ya ƙara cika. Wannan ba ɓarna ba ce, tsohuwar yarjejeniya ce. Matarsa kuwa ƙawata ce. Tare muka yi goyon fari. In ta dawo tallan nono nan take sauke ƙwarya, ta ce mani Kaɗo mai ciki kamar rumbu, in ce mata ƴar Fillo da ba ta san daɗin inuwar ɗaki ba. Da na yi ɓari, ita ta zo ta wanke ni.

Maigidana da kansa ya je roƙon. Bafillace kuwa ba ya ce wa mai masaukinsa a'a, ko da ransa bai so ba. Ya ce dai kar a nuna fuskarsa. Na ji zancen ta bayan danga, ban ɗauke shi komai ba.

Ranar da fim ya haɗu, da hantsi mata suka cika mani gida, kai bisa kai a kan ƴar waya. Ana ta shewa, wannan ta ga kanta, waccan ana tsokanarta wai zanenta ya kusa kwancewa gaban magajin gari. Ni idona ba shi da ƙarfi, da kunne nike kallo. Na ji muryata tana zancen rana da yashi, sai na ji sara a ƙarƙashinta. Sannan na ji fito, irin wanda Bafillacen yake yi wa shanunsa, gajere sai dogo. Na karɓi wayar na matso da ita. Ga bayan mutum bisa gawo da malafarsa, reshe ya faɗo, hoton ya tsallake sai ga ƙaton kututture.

Na ja yarinyar ɗaki na ce ta cire wurin nan. Ta ce misali ne kawai, fuskarsa ma ba ta fito ba.

"Ɗiyata, a ƙasar nan wa ke jiran fuska? Malafar nan da fiton nan, daga nan har Mayahi an san mai su."

Ashe tun da safe ta tura wa abokan karatunta.

Kasuwa biyu ba a ci ba fim ya zaga. Samari na yi wa Bafillacen kirarin mai gatari in ya shigo da bisashe. Mutanen ƙauyukan da ba su san yarjejeniyarmu ba suka ce ashe Fulani ke cinye daji. A wata rijiya aka hana shanunsa ruwa. Abin da ya fi ci mani rai, masu saran na gaskiya su suka fi kowa tura fim ɗin. Yarinyar ta yi kuka, ta yanke wurin ta sake aikawa, amma na farkon ya riga ya yi nisa. Kuma ba zan ɓoye ba, fim ya yi aiki. An kafa masu tsaron itace, kamiyon ta daina zuwa, har yabo yarinyar ta samu a makarantarsu. In mata suna murna sai in rasa inda zan sa fuskata.

Ƙawata ta daina biyowa. Na aika a gaishe ta, aka ce tana amsawa. Da na ga haka na ɗauki mayafi na nufi gona cikin ranar bazara, mutane na tsaida ni suna tambaya wa ya rasu.

Na iske tana ɗaure ƙore a bayan jaki. Ta shimfiɗa mani tabarma, ta dama fura, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ba tsokana ko guda. Na fara ba da haƙuri, ta ce ba komai, haka Allah ya so. Na san ba komai ɗin Fulani. Sai can, tana kallon shanu, ta ce surukan ɗiyarta ne suka kunna mata fim ɗin a wurin suna, cikin mutane.

"Muryarki na fara ji, Kaɗo. Na ce masu ba da mu take ba. Suka ce to da wa take?"

Na daɗe ina juya ludayi. Abin da ban faɗa wa ko maigidana ba, na faɗa mata. Na lissafa mata masu saran duka, na ƙare da mijin ɗiyata.

"Mun sani," ta ce. "A gonar muke kwana, gatarin kowa mun san ƙararsa. Don ku muka yi shiru."

Na tambaye ta ko za su dawo bayan girbi. Ta ce wannan zancen maza ne. Ta rako ni har bakin hanya, ta ɗora mani ƴar ƙwaryar man shanu a hannu, ta juya.

Sun yi arewa, wajen El Alasan Mairairai. Dattawa sun ce za a tura mutane a wanke Bafillacen a kasuwa, sai dai wanda duk aka zaɓa ya san tambayar da za a yi masa, sai ya ce ƙafarsa na ciwo. An yi girbi, an ɗaure damma. Wasu makiyaya sun zo neman karan gonarmu, na roƙi maigida ya dakata tukuna. Ya dakata. Jiya ya ce mani karan ya fara zubewa, gara ta shiga, ba zai iya jira ya wuce kasuwa mai zuwa ba.