Furannin Karsinah a Kan Ruwa

Kamfanin da ya gina katangar tare igiyar ruwa a sabuwar tashar jiragen ruwa ya nutsar da maƙabartar ƙauyenmu. Ruwan da katangar ta kora juyowa ya yi ya afka mana ta yamma, inda mamatanmu suke kwance.

Karsinah mai shanya kifi ce. A nan bakin tekun Jawa aka haife ta, a nan ta binne mijinta Tarmuji. Duk Alhamis da la'asar takan je ta cire masa ciyawa, ta watsa furanni, ta ba shi labarin gida.

Kafin a soma ginin, mutanen kamfanin suka tara mu a zauren dagaci, aka raba shayi da soyayyiyar ayaba. Suka ce a faɗi wuraren da za su kafa sandunan awon ruwa su riƙa sa ido. Aka ce tafkunan kifi, aka ce masallaci. Maganar kabari ta zo wa Karsinah har baki, ta haɗiye, don a wurinmu ba a ambaton mamata ana cin abinci da baƙi. Su kuma ba su tambaya ba.

Yanzu a kwale-kwale take zuwa ziyara. Kasmuri ƙanen mijinta ke tuƙa ta.

"Yaya, nan ne?"

"Matsa gaba. Kabarin yayanka ma ba ka sani ba, sai teburin mai shayi."

"To ai shi ma Yaya Tarmuji ya yi ƙaura bai yi sallama ba."

Ba ta yi dariya ba. Da, in ruwa ya janye, kan dutsen kabarin yakan leƙo, kore shar. Wannan Alhamis bai leƙo ba. Ta zuba furannin inda take zato, igiya ta kwashe su ta yi wajen katangar da su. Tun ranar, in ruwa ya bugi gindin gidanta, gyaran muryar Tarmuji take ji, irin wanda yake yi idan ya daɗe a bakin ƙofa ba a buɗe masa ba.

Ku kamfani, da ku hukumar da ta sa hannu: ku kawo masu nutso ku ɗauko mana mutanenmu kafin ruwan damina ya sauko. Ku ba mu tudu mu sake binne su, ku bar wa Karsinah wuri a gefen mijinta.