Hoton da na sata a gidan su Nafisa

Ranar Asabar ta farko bayan ƙaramar sallah, shekarar da nake aji biyar na firamare, ina sharar ganyen mangwaro a bakin get ɗinmu a unguwar Nassarawa sai ga motar kaya ta tsaya a gidan da ke jikin namu. Wata yarinya tsarata ta sauko da jar jaka a baya da takalmi mai igiya, fari tas. Na dubi silifas ɗina da aka ɗaure da waya, nan take na ji ba na sonta. Sunanta Nafisa, babanta ya gama karatu a Amurka sun dawo gida.

Kafin zuwanta ni ce mai labari a layinmu. Yayana yana tuƙin mota zuwa Legas, kome ya faɗa sai in ƙara masa gishiri in kai wa ƙawata Binta ƙarƙashin darbejiya, inda muke carafke bayan mun taso daga Islamiyya. Cikin sati guda Nafisa ta ƙwace min wannan sarauta. Ta ce garin da suka zauna ƙarami ne, mutanensa duka ba su kai na unguwar Gama da ke kusa da mu ba, yawancinsu tsofaffin manoman masara. Titi ɗaya ne mai kantuna, danja ma ɗaya ce. Gidajen na katako ne masu farin fenti, kowanne da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, kuma babu mai katanga, ciyawar wannan gida ta haɗe da ta wancan. Wata mota ruwan ɗorawa ke zuwa har ƙofar gida ta kai yara makaranta. Na ce ƙarya ne, ina aka taɓa gida ba katanga ba shinge, matan gidan a titi za su yi shanya? Washegari sai ta fito da albam.

Binta ta riƙa shafa hotunan tana tambaya, ni kuwa na kau da kai ina leƙe ta gefen ido. Hoto ɗaya ne ya tsaya min a rai: wani fili mai faɗi, ciyawa kore shar an aske ta daidai, manyan itatuwa, ga wasu duwatsu masu sulɓi shimfiɗe a jere, da furanni nan da can. Mu da muke jan ruwa da bokiti don 'yar alayyafon bayan gida kada ta bushe, ga wasu suna da wannan lambu don wasa kawai. Nafisa ta yi saurin buɗe shafi na gaba, na ɗauka rowa ce. Da aka kira ta cikin gida, Binta kuma ta bi ta, sai na zare hoton na cusa a zanina.

Kwana uku yana cikin littafin lissafina. In na gama tsince shinkafa sai in ɓuya bayan tankin ruwa in yi ta kallonsa, ina raya cewa ni aka haifa a can, Nafisa ce mai silifas. Har na ɗauki biro na rubuta "Lambun Hadiza" da manyan baƙaƙe a kan dutsen da ya fi fitowa a gaba.

Rana ta huɗu da hantsi Hajiya Rabi, maman Nafisa, ta yi sallama a gidanmu, idanunta sun kumbura. Ina wanke-wanke a bakin famfo, ina jin duk abin da take gaya wa Umma. Ta ce an birkice gidan kaf ba a ga hoton ba, kuma ba su da wani. Umma ta tambaye ta hoton mene ne haka.

"Maƙabarta ce, Hajiya. Nan muka baro ɗana Sadiq, bai cika shekara biyu ba. Maza huɗu ne suka yi masa salla, su ke nan Musulmin garin."

Ni maƙabartar da na sani tudun ƙasa ce da fasassun tukwane, ba a shuka mata fure, ba kuma a ɗaukarta hoto. Kumfar sabulu ta bushe a hannuna. Na so in jefa hoton ta kan shingen furannin da ya raba gidajenmu in yi shiru, amma ga sunana a jiki da rubutun da kowa ya sani. Bayan la'asar na ɗauka na tafi da ƙafata. Hajiya Rabi ta karɓa, ta daɗe tana duban wurin da na yi rubutu, ta goga da gefen mayafinta, biron bai fita ba. A kan dutsen Sadiq na rubuta. Ba ta yi min faɗa ba, ba ta kai ƙarata ba, ta dai ce, "Allah ya yi miki albarka da kika dawo min da shi." Da ta mare ni da na fi samun sauƙi. Nafisa ba ta sake fito da albam ba, kuma tun daga ranar labarin garin nan ya mutu a layinmu.

Yanzu shingen furannin ya tafi, gidajen Nassarawa sun yi dogayen katangu da waya a sama, maƙwabci bai san sunan ɗan maƙwabci ba. 'Yata takan nuna min gidajen Amurka a wayarta, ga ciyawa ba katanga, ta ce, "Mama, dubi inda mutane suke rayuwa." Har yau nakan ji ɗan zafin nan ya taso min a ƙirji, ba zan ɓoye ba. Sai kuma in tuna Hajiya Rabi, wadda ta rasu ba ta sake taka garin ba. Abin da ya rage mata na ɗanta hoto ɗaya ne, shi ma da sunana a kai.