Tsamiyar da ke Ingila

Iya ba ta taɓa yarda cewa abin da ke falonmu na Laurel, a Amurka, wuta ba ce. Murhun gas ne a jikin bango, an rufe shi da gilashi, da wasu itatuwan ƙarya a ciki waɗanda ba sa cinyewa. A danna maɓalli ta tashi, a danna ta mutu. "Ba hayaƙi, ba toka, ba a gasa ko gyaɗa," in ji ta. "Wannan ai hoton wuta ne." Amma da sanyi ya kankama, ita ce ke riga kowa jan dardumarta zuwa gindin gilashin, ta miƙe ƙafafu tana mita.

Mahaifiyar Baba ce. Sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa a gida ke ce mini Ummi, ita kuwa ta ce Takwara. An ɗauko ta daga ƙauyenmu na ƙasar Bichi a farkon shekarun dubu biyu don a yi mata aikin ido, da zummar 'yan watanni, sai ga shi sanyi ya tafi ya dawo tana nan. Ba ta taɓa kwance akwatinta duka ba. Wuni take tana zarya tsakanin taga da kicin, ta leƙa motoci, ta dawo, ta tambaye ni wace rana ce, ta ce, "Yanzu a gida an gama ɗaure gero." Ni da ƙanena Habibu muna amsa mata da Turanci, ta harare mu ta ce bakinmu kamar na masu cin tuwo da zafi.

Abin da ya hana ta zama kuwa kowa ya san shi, har mu yara. Baba yana son sayar da gonar gado. Titi ya matso kusa da ƙauyen, masu yanka fuloti sun dame shi da waya, shi kuma ya ga wani gida a Fort Washington, kusa da kogi, ya kwanta masa a rai. Ƙannensa mata sun ce duk abin da ya yanke shi ke nan. Iya ce kaɗai ta rage, ita kuma ba za ta buɗe baki ta ce masa kada ya sayar ba, domin Baba ɗan farinta ne. A tsarinsu na mutanen da, uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. In za ta ambace shi sai ta ce "mutumin nan". Ni abin haushi yake ba ni a lokacin, wallahi. Ɗanki ne fa! Amma haka suka rayu, a gida ɗaya, magana na bi ta bakin Mama ko ta bakina.

Mama nas ce, tana bin tsofaffi gida tana kula da su. Cikinsu akwai wata Baturiyar Ingila, tsohuwa tukuf-tukuf, wadda aure ya kawo Washington tun da jimawa, mijin ya rasu ya bar ta. Tsohuwar ta manta sunayen 'ya'yanta, ta manta ta ci abinci ko ba ta ci ba, amma ba ta manta kakanninta ba. Da an zaunar da ita sai ta fara jero su, wane ya haifi wane, wace gona ta shigo da auren wance, wane daji aka samu a zamanin wane sarki. Mama kan dawo tana ba Iya labari suna gyaran kayan miya. Iya ta raɗa wa matar suna Gwaggon Ingila, ta bi ta ƙwaƙule Mama da tambayoyi kamar mai shirin kai ƙara.

Daga nan tatsuniyar ta fito. Gizo da Ƙoƙi dai mun riga mun ƙi su, Habibu ya ce shi labarin masu takobi da manyan gidaje yake so. To, wata rana bayan magariba, wadda a sanyin can take faɗuwa tun mutane ba su dawo aiki ba, Iya ta gyara zama gaban hoton wutarta ta ce, "Ga ta nan, ta hawo jirgi ta biyo ku har inda kuka gudo. Ta Turawa ce, sai ku buɗe kunne."

A can ƙasar Ingila, in ji ta, an yi wani mutum, Wiliyam Mai Doki. Ya taimaki sarki a yaƙi, sarki ya ce ya hau dokinsa, duk inda ya zagaye nasa ne. Mai Doki ya haifi Tomas Gurgu, wanda bai iya yaƙi ba amma ya iya aure, domin ya auri 'yar maƙwabci ta zo masa da fadama. Gurgu ya haifi Wiliyam Ɗan Auta, wanda ya haƙa rijiya. Ɗan Auta ya haifi Tomas Mai Gemu, mai rigimar iyaka, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa gaban alƙali a kan wani ɗan zirin ƙasa. "Suna biyu gare su duk gidan," in ji Iya, "kamar an hana su kasuwar suna." Kuma al'adarsu, babban ɗa namiji shi ke kwashe komai. Ƙannensa a ba wannan takobi ya shiga soja, wancan ya hau jirgin ruwa, wani ya zama malamin coci. Don haka ƙasar ba ta taɓa rabuwa ba, sai dai ta ƙaru.

Wurin da ta fi so shi ne zagayen iyaka. Ta ce duk wanda ya gaji gidan sai ya taka iyakar da ƙafarsa yana faɗin alamominta da baki, mu ma sai mun faɗa tare da ita, in ba haka ba ta kama bakinta. Gabas, tsamiyar da aradu ta tsaga biyu. Kudu, Rijiyar Makaho, wadda ta rufta. Yamma, layin gamba har zuwa babban suri. Arewa kuwa marke, inda wata matar gidan ke shimfiɗa zane ta kwantar da yaronta in tana roron wake.

Mama ta leƙo daga kicin tana dariya. "Hajiya, ai babu tsamiya a Ingila."

"Kin je?" in ji Iya.

"Ban je ba."

"To koma kan miyarki."

Na ƙarshensu, in ji Iya, 'ya mace kaɗai ya haifa, ita ce Gwaggon Ingila. A nan muryarta kan canza. "Uban ya mutu, aka ce mace ba ta gadon ƙasa. Ko cikin cokali ba a ba ta ba! Gidan da aka haife ta, ta fita da akwati." Sai ta tafa hannu ta yi salati. Ƙasar ta koma hannun wani ɗan baffanta, wato yaron nan da ake kwantarwa a gindin marke. Ya girma, ya yi karatu, ya tafi wata ƙasa mai nisa, masu saye suna ta aika masa.

"Ya sunansa?" na tambaya.

"Ba a faɗa."

"To ya sayar?"

"Labarin bai kai nan ba tukuna."

Kullum a nan take tsayawa. Sauran tatsuniyoyinta duk tana rufe su yadda ake rufewa, wannan kuwa sai ta bar ta a buɗe, ta janye ƙafafu ta ce a kashe hoton wutar. Ni kuwa na kasa haƙuri. Na je na tsare Mama, ta ce a gaskiya tuni aka sayar da ƙasar Gwaggo, tun kafin a haifi Baba, an yi gidaje a wurin. Na dawo da gudu na gaya wa Iya. Ta ce, "Wannan na uwarki ne. Nawa da saura."

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne yadda Baba ke yi. Yana zaune a teburin cin abinci da takardun aikinsa, da an zo kan tsamiya sai ya fara kaɗa ƙafa, kafin a kai marke ya tashi ya haye sama. Wata rana ya tsaya a kan matakala ya ce wa Mama, "Ki faɗa wa Iya na ji."

Iya ba ta ko juya ba. "Takwara, gaya wa mutumin nan ni da Turawa nake."

Bai sayar ba, bai kuma ce ya fasa ba. Gidan Fort Washington wani ya saya. Maganar ta zauna mana a falo kamar baƙon da ya ƙi tafiya, a ɗaga ta, a ajiye, a yi fushi, a shirya. Iya ta samu ta koma gida da akwatinta, idonta ya warke, ta yi 'yan shekaru Allah ya karɓi abarsa. Na yi kuka sosai, na kuma ji haushin cewa ta tafi ba ta ƙarasa mini labarin ba. Shirme ne, na sani, amma haka na ji.

Bayan na gama jami'a Baba ya ce in raka shi gida, zai je ya kashe maganar gonar. Gwiwoyinsa sun fara ciwo, ya ce ya gaji da riƙon abin da ba ya gani. Muka fita da hantsi, shi da ni da dillali da wani tsohon mai unguwa, Malam Audu, don a tabbatar da iyaka kafin mai saye ya biya. Ina biye da su a baya ina fama da ƙaya a siket, ban san komai a wurin ba, ban taɓa taka shi ba. Sai na ɗaga kai na ga tsamiya, katafariya, a tsage gida biyu tun daga sama har gindi.

Tsikar jikina ta tashi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, da karyayyiyar Hausata: "Kudu, Rijiyar Makaho, wadda ta rufta."

Malam Audu ya juyo. "Ikon Allah! 'Yar nan, wa ya gaya miki?"

"Yamma, layin gamba har zuwa babban suri," na ce. Sai kawai na zarce. "Wiliyam Mai Doki ya haifi Tomas Gurgu, Gurgu ya haifi Wiliyam Ɗan Auta..."

Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki. "Wane irin Wiliyam kuma? Mai Doki ai Malam Bawa ne, shi ya sari dajin nan. Gurgu kuwa Jatau ne, wanda ya auro fadamar can. Mai Gemu kakan ubanki ne, na san shi da idona, rigimamme!"

Ashe haka tsohuwar nan ta yi mana. Ta ga ba ma sauraren komai sai na Turawa, sai ta ɗauki kakanninmu ta sa musu sunayen kakannin Gwaggo, ta ɗauki gonarmu ta kai Ingila, ta sa mu haddace ta muna zaune kan kafet a Laurel.

Baba bai yi dariya ba. Ya wuce gaba shi kaɗai, ya yi arewa, muka bi shi. Marken babu, an sare shi, sai kututture da ya rage kusa da katangar bulo ta wani sabon gida. Ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zauna a kai, ya cire hula.

"A nan take kwantar da ni," ya ce. Ba da ni yake ba, ba da kowa ba. "Sunana ne ba a faɗa."

Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar. Dillali ya fara gyaran murya yana duba waya. Baba ya share fuska da hular ya ce masa, "Alhaji, yi haƙuri, na ɓata maka safiya. Ka ce da mutuminka ya nemi wani wurin."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin dabarar tsohuwa ta hana sayar da gona. Yanzu ina ganin abin ya fi haka. Iya ta tsorata da Gwaggon Ingila, matar da ba ta taɓa gani ba, wadda ke zaune a ƙasar wasu da sunaye cike da baki, ba ta da ko taku ɗaya da za ta ce nata ne. Ta dube mu ta ga mu ko sunayen ba za mu samu ba. Kuma tana da maganar da take son gaya wa ɗanta, wadda kunya ta hana ta faɗa duk tsawon rayuwarta. Sai ta faɗe ta a gabansa kowace yamma, mu muna maimaitawa kamar 'yan makaranta.

Gonar tana nan, ɗan gwaggona ke noma ta. Amma hankalina bai kwanta ba, ba kuma zan yi ƙarya in ce ya kwanta ba. Baba ya tsufa. Habibu ya riga ya faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa shi bai ga amfanin riƙe ƙasar da ba za mu taɓa kwana a kanta ba, masu fuloti kuwa yanzu lambata suke kira. Wani lokaci ina tuƙi zuwa aiki sai in ji na ba shi gaskiya, kafin in dawo na janye.

Ina zaune a Wheaton yanzu, gidana ko hoton wutar babu. 'Yata ta fari, Nana, sunanta nake kira safe da yamma ba kunyar komai, Iya da ta ji da ta toshe kunne. Da sanyin bana na zaunar da ita kusa da hita mai ɗumama ɗaki na ba ta labarin Wiliyam Mai Doki, na sa ta faɗi gabas da kudu da yamma da arewa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni da Turanci ko a ƙarshe an sayar.

Na buɗe baki in amsa, sai na ji muryar Iya ce ta fito.

"Labarin bai kai nan ba tukuna."