Kafaɗar Guduma

Ƙanina Guduma, ranar da ake rabon hannun dama shi ne a gaban layi. Ranar rabon kunne kuwa, da alama ya makara.

Ɗan dako ne a siton siminti tun gemunsa bai fito ba. Nan ya samo ƙirjin nan mai faɗin ƙofar gareji, nan kuma ya samo ɗabi'ar da ta cinye shi. Kowane ɗan dako, kafin ya cilla buhu kan mota, sai ya sauke kafaɗa, ya ja numfashi, ya ce "hap!" Da Guduma ya shiga damben zamani, na safar hannu da ƙararrawa da lasisi, sai ya shiga da hap ɗinsa har cikin igiyoyi. Kafaɗa ta sauka, hap ya fito, sannan naushi ya biyo baya. Kamar direban kirki mai sa sigina kafin ya juya.

Da farko abin bai dame shi ba. Waɗanda ya fara karawa da su irinsa ne, masu tsayawa a yi musayar duka. Da sigina ko ba sigina, in hannun nan ya sauka a haɓarka, sai dai a ba ka labarin sauran wasan bayan ka farfaɗo.

Kocinsa wani dattijo ne mai ɗingishi, hancinsa a kwance tun zamanin nasa damben. A wani tsohon gareji suke atisaye, mai buhun duka rataye da sarƙa, da madubi tsagagge, da fankar da sai an tura ta da sanda. Ni ne mai riƙe bokiti da tawul, don haka komai a kunnena aka yi.

"Guduma, ɗauki igiya ka yi tsalle."

"Haba Baba, ni 'yar firamare ce?"

"To zo gaban madubi ka ga abin da kafaɗarka ke yi."

"Na san kamannina."

"Buhun nan da kake kashewa kullum, ya taɓa kaucewa? Ya taɓa ramawa?"

"Ai shi ya sa muke shiri da shi."

Haka aka yi ta fama har furfura ta fara leƙowa a gemun Guduma. Sai likita ya duba idonsa na hagu ya ce ya gaji da shan duka. Matarsa ta zaunar da shi, ta kira ni.

"Yaya, kai ne shaida. Wasan nan mai zuwa, in ya ci, ya je ya nemi kambunsa, ban hana ba. In bai ci ba, safar nan ta dawo hannuna. Ba zan yi wa miji jagora da sanda ba."

Guduma ya yi dariya ya ce ya yarda, don ya riga ya ga abokin karawar. Sauro ake ce masa, dogo siriri, nauyinsa duk a tsayi ya tafi. Ranar hawa sikeli Guduma ya dube shi sama da ƙasa ya ce min, "Yaya, wannan kaɗai za a ba ni? A ƙaro ɗaya mana."

Aka kaɗa ƙararrawa. Guduma ya taka, kafaɗa ta sauka, hap! Naushin ya tafi neman Sauro, ya tarar mai gidan ya fita. Kafin hannun ya dawo, hagun Sauro ya taɓa idon nan, tas, ya koma. Ba duka ba ne na a zo a gani, irin wanda uwa ke yi wa yaro in ya sa hannu a tukunya ne. Amma alƙalai na zaune suna rubuta maki, su ba ruwansu da ƙarar duka.

Kafin a yi nisa 'yan kallo ma sun gane. Da kafaɗa ta sauka sai ɗakin gaba ɗaya ya riga shi: "Hap!" Ni da nake ɗan'uwansa sai da na cusa tawul a baki.

A kusurwa Koci ya riƙe fuskar Guduma da hannu biyu.

"Don girman Allah bar kafaɗar nan a sama. Taɓa shi da hagu, hagu kawai, ka tara maki."

"Baba, guda ɗaya nake nema."

Na ce, "Tun ɗazu kake nema, ko ya ba ka adireshin ƙarya ne?"

A zagayen ƙarshe guda ɗayan ta zo. Ba ta ma sami fuska ba, a damtse ta sauka, amma sai da Sauro ya tashi sama ya faɗa kan igiyoyi. Jama'a suka miƙe. Koci ya manta da ɗingishi, yana ihu, "Taka! Tare masa hanya! Kar ka tsaya!"

Guduma ya tsaya. Ya gyara ƙafa yadda ake yi a gindin mota, ya sauke kafaɗa, ya ja numfashi. Sauro ya sulale ta ƙarƙashin hammatarsa, ƙararrawa ta kaɗa.

Duk alƙalan Sauro suka ba. A ɗakin canza kaya, ido ɗaya a rufe, Guduma ya ce, "Yaya, tsakani da Allah, dambe ya yi ko gudu?"

Na ce, "Gudu ya yi. Fuskarka kuma don raɗin kanta ta kumbura."

Koci ya matso. Ya kwance masa safar a hankali, ya fita ya miƙa wa matar Guduma da ke jira a bakin ƙofa.

Yanzu Guduma ya koma sito, shi ne shugaban 'yan dako, idon ma ya lafa. Kwanan baya da safe na bi ta wajen, sai na hango shi a bayan wata tirela, ya samo igiyar ɗaure tamfal yana tsalle. Wallahi kamar ba ya taɓa ƙasa. Ƙaton nan, ashe ƙafafun suna nan tun fil azal, ajiye su ya yi.

Na wuce gareji na ba Koci labari. Ya juyo ya tambaye ni.

"Ya iya?"

"Baba, ko Sauro bai fi shi ba."

Ya rufe ido, ya nuna min ƙofa da sandar tura fanka.

"Fita min daga nan. Ku 'yan gidanku so kuke hawan jini ya kashe ni."